Tambayoyi da amsoshi kan tara tsofaffin bindigogin shotgan na 'yan sanda da na soja

A Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin hukuma, kamar yadda wani yake tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki na wasiƙa. A cikinsu akwai waɗanda suka taƙaita kansu ga shotgan kaɗai, wato wadda 'yan sanda ko sojoji suka gama aiki da ita aka sayar. Ga tambayoyin da mai jin labarin nan karon farko ya fi yawan yi.

Wace irin bindiga ce shotgan?

Ita ce mai watsa ƙwayoyin dalma. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da murɗaɗɗen layin nan da ke juya harsashi a bindigar yaƙi, don haka ba ta cin dogon zango. Kwansonta ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi da dama, kuma da zarar sun bar bakin bindiga sai su fara bazuwa. Wanda 'yan sanda da sojojin Amurka suka fi amfani da shi, mai lamba 00, ƙwayoyi 9 ne a ciki, kowace ta kai girman gujiya. Wanda ya san bindigar maharba mai baki biyu ya san danginta.

Idan ka ji an ce "geji 12", wani tsohon awo ne na Turawa. A raba dalma mai nauyin laba ɗaya zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, to faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindigar. Shi ya sa geji 20 ta fi geji 12 ƙanƙanta, abin da ke rikita sabon shiga. Yawancin na hukuma geji 12 ne, kuma irin waɗanda ake jan katakon ƙasan bututu baya a tura gaba ne kafin kowane harbi. Jan yana fitar da kwanson da aka harba, turawar tana ɗora sabo.

Ta yaya bindigar hukuma take zuwa hannun farar hula?

Ta 'yan sanda hanyarta a bayyane take. Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya irin ta Najeriya. Kowane birni, kowace gunduma, kowace jiha da tata, dubbai ne, kuma kowace da kasafin kuɗinta. Idan runduna za ta sabunta makamai, sai ta bai wa dila mai lasisi tsofaffin, a rage mata kuɗin sababbin. Dilan ya jera su bisa kyan jikinsu ya sa a kasuwa. Ba duka ke yarda da haka ba, akwai biranen da dokarsu ta ce a niƙe ko a narka, don kada wata rana a tsinci bindiga mai tambarin birnin a wurin aikata laifi.

Ta soja kuwa yawanci tsohon zance ne. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta sayar da rarar kaya masu yawa, wasu bindigogin aka miƙa wa gidajen yari da 'yan sanda, wasu aka bai wa ƙasashen ƙawance suka dawo daga baya ta hannun 'yan kasuwa. Waɗanda ke yawo yau sun jima suna sauya hannu, daga gadon wani zuwa gwanjon wani.

Me ya sa 'yan sanda suka rabu da su da yawa haka?

Shekara da shekaru kusan kowace motar sintiri a Amurka tana da shotgan a maƙale kusa da direba. Abin da ya girgiza wannan al'ada shi ne fashin bankin North Hollywood a Los Angeles, ranar 28 ga Fabrairu 1997. 'Yan fashi biyu sanye da sulke suka yi kusan minti 44 suna musayar wuta da 'yan sanda. Ƙananan bindigogin 'yan sandan da shotgan ɗinsu sun kasa huda sulken, har sai da wasu suka ruga wani kantin bindigogi da ke kusa suka aro manyan bindigogi. Daga nan runduna bayan runduna ta koma ga babbar bindiga mai cin dogon zango ƙirar AR-15. Shotgan ta koma sito, daga sito ta tafi wurin dila. Wasu kuma aka sa musu gindi ruwan lemo, alamar cewa na harba buhun ƙwayoyi ne wanda ake nufin ya kayar da mutum ba ya kashe shi ba.

Wacce ce ake kira bindigar rami?

Ita ce sarauniyar wannan harka, Winchester ƙirar 1897, wadda John Moses Browning ya zana. Bindigar farauta ce tun asali, mai kunne a waje da ake iya ɗanawa da babban yatsa, an kuma ƙera kimanin miliyan ɗaya daga 1897 zuwa 1957. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, sojojinta suka tarar ana yaƙi cikin ramuka, inda abokin gaba kan ɓullo maka a kwana, taku biyar tsakaninku. Doguwar bindiga ba ta juyuwa a irin wannan matsatsi. Sai aka ɗauko 1897 mai bututu inci 20, aka rufa mata wani ƙarfe mai huji-huji a saman bututun don kada zafi ya ƙona hannu, aka yi mata mazaunin banati ƙirar M1917, aka sa mata maratayi. Tana cin kwanso biyar a rumbu da ɗaya a baki, ƙwayoyi 54 ke nan kafin a sake loda ta.

Tana da wani hali da ya ƙara mata suna. Idan mutum ya danne kunama bai saki ba, duk lokacin da ya tura katakon gaba sai ta tashi. Wannan hali ne kuma ya sa ba a so ta faɗa hannun wanda bai san ta ba.

Matsalarta ita ce kwanso. Na lokacin da takarda ake yin sa, laimar rami kuwa kan kumbura shi ya ƙi shiga. Dole aka koma yin na tagulla zalla. Yau su kansu waɗannan kwansuna na tagulla, musamman idan suna cikin kwalinsu na asali, kayan tarawa ne masu tsada.

Gaskiya ne Jamus ta yi ƙorafi a kanta?

Gaskiya ne. A watan Satumba na 1918 gwamnatin Jamus ta aika wa Amurka takardar ƙorafi, ta ce shotgan ta saɓa wa yarjejeniyar Hague da ta hana makaman da ke jawo azabar da ba dole ba, ta kuma yi barazanar kashe duk sojan da aka kama da ita. Sakataren harkokin wajen Amurka, Robert Lansing, ya yi watsi da ƙorafin, ya ce idan aka taɓa fursuna ko ɗaya a kan haka za su rama. Laifi tudu ne: ƙasar da ta saki iska mai guba a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915, ta kuma kawo bindigar feshin wuta fagen fama, ita ce take kuka da ƙwayoyin dalma. Wata biyu bayan haka yaƙin ya ƙare.

Dillalai suna son wannan labari ƙwarai, don yana sayar da kaya. Sai dai labarin na ƙirar ne gaba ɗaya. Bai tabbatar da cewa wadda ke kan teburin mai sayarwa ta taɓa ganin ƙasar Faransa ba.

Bayan ita, waɗanne na soja ake nema?

Daga yaƙin farko akwai Remington ƙirar 10, wadda aka yi kaɗan, samunta da cikakkun kayanta sai an tona. Daga yaƙi na biyu akwai Winchester ƙirar 12, mai ɓoyayyen kunne, da Stevens 520-30 da 620A, da Ithaca 37. Da yawansu ba su je fagen fama ba, gadin sansani da rumbunan makamai da fursunoni suka yi. Wasu ma masu dogon bututu an saye su ne don koya wa masu harbi daga jirgin sama yadda ake auna gaban abin da ke tafiya. Su ma suna da tambarin gwamnati, kuma sun fi sauƙin kuɗi.

A Biyetnam an yi amfani da Ithaca 37 da Stevens 77E, wadda aka gajarta wa gindi saboda sojojin Biyetnam ta Kudu da aka raba wa da yawa. Na baya-bayan nan su ne Mossberg 500 da 590A1, sai Benelli ta Italiya da sojan Amurka ya zaɓa a 1999 ya sa mata suna M1014. Waɗannan na ƙarshe, abin da za ka gani a kanti ƙirar kasuwa ce daga kamfani, ba rarar soja ba.

A ɓangaren 'yan sanda fa?

Remington 870 ce ta cika kasuwa. Ta fito a 1950, an ƙera fiye da miliyan 11, kuma masana'antar Ilion da ke jihar New York ta daɗe tana yin wata ƙira ta musamman don 'yan sanda, mai ƙarfafan kayan ciki. Kamfanin ya durƙushe sau biyu, a 2018 da 2020, aka kuma rufe masana'antar ta Ilion a 2024. Wannan ya sa tsofaffin na 'yan sanda suka ƙara daraja a idon masu cewa aikin can baya ya fi na yanzu.

Ithaca 37 ita ce ta 'yan sandan Los Angeles shekaru da dama. Ta ƙasa ake loda ta, ta ƙasa kuma take zubar da kwanso, ba ta da ƙofa a gefe, don haka ƙura da ruwa ba sa shiga da sauƙi, bahago ma bai da matsala da ita.

Masu harkar suna da wata magana game da bindigar ɗan sanda: ta sha yawo, ba ta sha harbi ba. Za ka ga jikinta ya koɗe inda maƙalin mota ya riƙa gogarta, gindinta duk tabo, an rubuta mata lamba da fenti ko an buga sunan runduna da guduma, amma cikinta kamar sabo, don sau ɗaya ko biyu a shekara take zuwa filin gwaji. A ganina ita ce mafi dacewa ga mai farawa. Kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma ba wanda zai ɓata lokacinsa yana yin jabunta.

Amurka kaɗai ce ke da irin waɗannan?

A'a, kuma biyu daga cikin masu ban sha'awa daular Ingila ce ta haife su. Ta farko ita ce ta kamfanin W. W. Greener na Birmingham, mai cin kwanso ɗaya, da aka yi wa masu gadi da 'yan sandan Masar bayan yaƙin duniya na farko. Tsoron masu mulki shi ne a sace ta a juya ta kansu, sai aka yi mata kwanso na daban wanda ba a sayarwa a kasuwa. Mutane suka gano cewa idan aka naɗe ƙaramin kwanson farauta da takarda zai zauna. Sai kamfanin ya sake dabara: ya yi kwanso mai wuya kamar kwalba, da zagayayyen rami a gindinsa, ya yi wa allurar bindigar ƙahoni biyu a gefe. Idan kwanson ba shi da wannan rami, ƙahonin za su tokare, allura ba za ta kai ba. Duk tunanin mulkin mallaka yana cikin wannan ɗan ƙarfe: a ba ɗan ƙasa makami, amma harsashin ya zauna a hannun Bature.

Ta biyu daga Indiya take. Masana'antar Ishapore ta riƙa ɗaukar tsofaffin bindigogin yaƙi ƙirar Lee-Enfield tana share cikin bututunsu, ta toshe wurin rumbu da katako, su koma masu harbi ɗaya na awon .410, don 'yan sanda da gandirobobi. Kwansonsu na asali daga na .303, wato harsashin Lee-Enfield ɗin, aka samo shi, ba irin .410 na kanti ba ne. Da aka shigo da su Amurka an faɗaɗa wa da yawa mazauni don su ci na kasuwa. Mai tarawa na gaske wadda ba a taɓa ba yake nema.

Yaya ake gane jabu?

A nan ake asarar kuɗi. Bindigar rami ta gaskiya tana kai dubban daloli, ita kuwa 1897 ta farauta ba ta kai kusa ba. Ratar da ke tsakani ita ce ribar maƙaryaci: ya sayi ta farauta, ya yanke bututu zuwa inci 20, ya sa mata rufin huji-huji na zamani, ya buga haruffan U.S. da hoton bam mai harshen wuta, wato tambarin sashen makaman soja. Irin wannan hatimi kuwa ba wuyar samu gare shi ba.

Don haka ba a dogara da tambari shi kaɗai. Ana fara duba lambar bindiga, ko ta faɗa cikin zangon shekarun yaƙi. Ana duba ginin: 1897 ta yaƙin farko dunƙulalliya ce, ta yaƙi na biyu kuwa ana iya raba ta gida biyu. Rufin na farko layin huji 6 gare shi, yawancin na biyu 4. Bututun asali an buga masa alamar cewa bakinsa a buɗe yake, in ka ga alamar matsattsen baki irin na harbin agwagwa a kan gajeren bututu, an yanke shi ne. A gindin na yaƙi na biyu akan sami hoton igwa biyu a gicciye da haruffan jami'in da ya duba, irin su G.H.D. ko W.B. Sannan a dubi tsufan kanta. Ƙarfe da katako da tambari tare suke tsufa. Tambari mai kaifi a jikin ƙarfen da ya sha wanki abin tuhuma ne.

Gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wyoming yana riƙe da tsofaffin kundayen Winchester, yana kuma bayar da takardar shaida idan aka biya, sai dai kundayen ba su kai ga kowace lamba ba. Akwai kuma kwaikwayon 1897 da kamfanin Norinco na ƙasar Sin ya yi. Shi ba jabu ba ne muddin an sayar da shi da sunansa. Saye ta intanet da hoto biyu masu duhu kuwa cinikin biri a sama ne. A nemi hoton kowane tambari, da sharaɗin mayarwa idan kaya bai yi ba.

Zan iya goge ta in yi mata sabon fenti?

Kayanka ne, amma garin neman gira za ka rasa ido. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne tarihin da ke jikinta da hujjarsa. Wanda ya kankare gindi da sanfefa ya share hatimin jami'i, ya shafe lambar maƙali, ya mayar da bindigar soja bindigar kowa. Sabon rini a ƙarfe yana zubar da daraja nan take, kuma ba a dawo da abin da aka goge. Abin da ake yi shi ne a share datti da tsumma, a shafa mai kaɗan, a tsayar da tsatsa. Idan dole a sauya wani ƙarfe da ya karye, a adana tsohon a leda tare da ita. Haka rasit ɗin dila, da alamar sito da aka ɗaura mata, da duk wata takarda mai sunan runduna. Wata rana takardar za ta fi bakin mai sayarwa amfani.

Gyaran da sojan da kansa ya yi a ma'aikatarsa daban ne. Bindigogi da yawa an sake musu rufin toka-toka bayan yaƙi aka buga musu alamar ma'aikatar. Wannan ɓangare ne na tarihinsu, ko da yake ba su kai waɗanda ba a taɓa ba kuɗi.

Ana harba su, ko kallo kawai?

Ta 'yan sanda ana harbawa ba fargaba, bayan maƙerin bindiga ya duba ta. Mai shekara ɗari kuwa a yi hattara. Mazaunin kwansonta inci 2¾ ne, kada a cusa mata na inci 3. Ƙwayoyin ƙarfe na zamani suna cin tsohon bututu, na dalma ake sa mata. Yawancin masu bindigar rami ta asali ba sa harba ta, don gindin da ya tsage ba shi da madadi. Kuma ko daga ina ta zo, abu na farko shi ne a buɗe ta a duba baki da rumbu da ido da yatsa. An sha samun tsohuwar bindiga a kabad ɗin mamaci da kwanso a ciki.

A ina ake ajiye su?

A akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi a wani wuri daban, nesa da yara. Laima ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa ba a barin bindiga cikin jakar soso ko ta fata.

Me dokar Amurka ta ce?

Saye daga dila sai an cike takarda mai lamba 4473 an kuma binciki tarihin mai saye a rumbun bayanan hukumar FBI. Ko ta intanet aka saya, ba gida ake kawo ta ba, sai wurin dila mai lasisi. Akwai sassauci ga masu tarawa: bindigar da ta shekara 50 tana shiga sahun kayan tarihi, wanda kuma ya karɓi lasisin mai tarawa daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ana iya aiko masa da irinta kai tsaye daga wata jiha, da sharaɗin ya riƙe littafin shige da fice, kuma ba kasuwanci zai yi da lasisin ba. Wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan, dokar tarayya tana ɗaukarta tsohon kaya ne.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne tsawo. Dokar 1934 ta ce shotgan mai bututu ƙasa da inci 18, ko wadda aka gajarta ta gaza inci 26 gaba ɗaya, sai da rajista ta musamman. Wasu rundunoni sun yi amfani da masu inci 14. Riƙe irin wannan ba rajista babban laifi ne mai kai mutum kurkuku. Jihohi kuma kowace da nata ƙarin, abin da ya halatta a Texas ba lalle ya halatta a New Jersey ba. Baƙon da ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara, doka ta hana shi mallakar bindiga sai a 'yan keɓaɓɓun halaye.

Mutum zai iya yin wannan a Najeriya?

Ba a irin wannan siga ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida-gida: makaman yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Babu wani lasisin mai tarawa irin na Amurka, rundunar 'yan sanda kuma ba ta sayar wa jama'a tsofaffin makamanta. Bindigar hukuma a hannun farar hula a nan tambaya ɗaya take jawowa: a ina ka samo ta? Shigo da ita daga waje ba izini fasa-ƙwauri ne. A Janairun 2017 jami'an kwastan sun kama irin waɗannan masu ja-da-turawa guda 661 a cikin kwantena ɗaya a Legas, aka gurfanar da masu hannu a ciki a kotu.

Wanda tarihin ya burge shi, gidajen tarihi suna nan. A cikin gida akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, mai makaman yaƙin basasa har da waɗanda aka ƙera a Biyafara. Wanda tafiya ta kai shi Ingila kuma, Royal Armouries da ke Leeds shiga kyauta ne.